Inda Yumɓu Ya Fara Bushewa

Gwaggo ta rasu da hantsi, a ɗakinta na Kwanyawa, a shekarar da aka canja mana kuɗi zuwa naira. Mai kowa mai komai Ya karɓi abinsa. Yayar mahaifin maigidana ce, ba jinina ba, amma wanda ya ga irin kukan da na yi ran nan zai rantse ita ta haife ni.

Kafin rana ta ɗaga sosai gidan ya cika. Wata Bafulatana daga rugar bayan gari ta zo da ƙwaryar nono a ka, ba ta ji labari ba sai a bakin zaure. Ta shigo ta sauke ƙwaryar, ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Wayyo ni, yanzu wa zai duba mana hantsar saniya?" Mata suka yi mata caa, wai haka ake gaisuwar mutuwa? Ni kuwa a raina na ce duk cikinmu ita ce ta yi ta'aziyyar gaskiya. A zaure, tsohon malamin tsangayar unguwa yana gaya wa maza cewa shekara da shekaru in ciwo ya ɓuya a jikin ɗalibinsa, shi ya yi addu'a, Gwaggo ta nuna wurin, wanzami ko likita ya ƙarasa. Wata tsohuwa da suka yi maƙwabtaka tun suna amare ta share hawaye ta ce, "Masifaffiya ce, Allah Ya gafarta mata. Amma wallahi ba ta taɓa yi mini faɗa a kan ƙarya ba."

Ina amsa gaisuwa, amma idona yana ƙofa. Innata nake jira. Tun da Gwaggo ta kwanta ta sa na aika Falgore a roƙar mata gafara wajen mahaifiyata, domin akwai abin da ya shiga tsakaninsu, kuma a kaina ne. Saƙo ya tafi, amsa ba ta zo ba. Ga shi rai ya yi halinsa, maza sun tafi haƙa kabari, mata suna shirin wanka. Tsorona ɗaya ne, kada a kai Gwaggo makwancinta da haƙƙin Inna a wuyanta.

Maginiya ce. Duk kasuwar Karaye an san tulunta, don ruwansa yakan yi sanyi ko da tsakar bazara. Amma abin da ya sa ake yawan sallama a gidanta ba tukwane ba ne, wani ɗan ƙoƙo ne da take ajiyewa a bayan randa. Ba komai a ciki sai ruwan yumɓu. Takan jiƙa yumɓu ta tace da ƙyalle, ta sake tacewa, har ya koma tsararo kamar farau-farau. In aka kawo mata mai ciwon da aka rasa mazauninsa, sai ta shigar da shi ɗaki, ta saki asabari don kada iska ta shigo, ta tsoma gashin kaza ta shafa masa. Daga nan sai a zauna a zuba ido. Yumɓu in yana jiƙe duhu gare shi, in ya bushe sai ya yi fari. Inda ya fara yin fari, nan ne zafi yake a ƙarƙashin fata, nan kuma ciwon ya laɓe. Sai ta ɗauki gawayi ta kewaye wurin.

Ta ce mini ƙaya ce malamarta. Tana budurwa ƙayar bagaruwa ta karye a damtsenta, fata ta rufe, aka yi ta lalube aka rasa. Kullum in ta gama kwaɓa yumɓu ta zauna hutawa, sai ta ga wuri ɗaya a damtsen yana riga ko'ina bushewa. Ta nuna wa wanzami, ya tsaga, sai ga ƙaya. "Wata da ta ga haka wanke hannu za ta yi ta tafi cin tuwo," in ji ta. "Ni da yake ba ni da aikin yi sai sa ido, na zauna ina kallo."

Dokokinta ba su da yawa, amma wanda ya karya ɗaya ya shiga uku. In uwa ta shafa wa yaro man shanu a wurin ciwo kafin ta kawo shi, sai ta koma gida da sabulun salo da faɗa mai isarta mako. In majinyaci ya zauna a rana yana jira, sai ya ƙara zama a inuwa. Ko goro ba ta karɓa a kan wannan aiki. In an gode mata sai ta ce, "Ni fa ba na magani. Nuni nake yi. Ku tafi wajen masu aska."

Haihuwata ta fari, kamar yadda aka saba, gidanmu na Falgore na koma. Ni ce autar Inna, kuma yayata a jego ta rasu. Mutane suka yi ta cewa sanyi ne ya shige ta don ba a gasa ta sosai ba, kuma a kunnen Inna suke faɗa. Maganar ta zauna mata a zuciya. Da nawa jegon ya zo, ta ƙudurta ba za a sake ba. Safe da yamma ruwan wanka yana tafasa da ganyen darbejiya, tana tsoma ganyen tana fyaɗa mini ina salati. Kunun kanwa ba ya yankewa. Gadon ƙasar da nake kwance a kai kuwa, wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashinsa.

Bayan suna zazzaɓi ya kama ni. Gwiwata ta hagu ta ɗauki ciwo, ba kumburi ba komai, amma ba na iya takawa. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho a gwiwar, bai yi amfani ba. Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Nono ya fara ɗaukewa, jaririya tana kuka ina jin kukan kamar daga wani gida. Malam, wato maigidana, wanda ke koyar da kimiyya a Karaye, ya zo dubiya, kunyar surukai ta tsare shi a zaure. Ya roƙi Baba a kai ni asibiti. Inna ta aiko masa daga ciki cewa mai jego ba ta hawa bayan mota iska ta buge ta. Ya hau kekensa ya tafi, washegari sai ga shi da Gwaggo a motar gyaɗa.

Ta gaisa da kowa yadda ya kamata, ta yi barka, ta yi wa Inna sannu da ɗawainiya. Sannan ta kwance ƙoƙonta daga bakin zane. Aka sauko da ni daga gado, ta fara shafawa. Kafin ta gama ƙafar dama, ta hagu ta yi fari fat daga cinya har idon sawu, ta daman ma ta bi ta. Gwaggo ta kai bayan hannunta kan gadon, ta janye da sauri.

"Ƙanwata," ta ce wa Inna, "yarinyar nan duk jikinta wuta ne. Ba zan ga ƙaramar wuta a cikin babba ba. A janye itacen nan, a bar wankan yamma, ta kwana a tabarma. Gobe kafin a ɗora ruwa in sake shafawa."

"Yaya, mai jego ce fa."

"Na gani."

"Mai jego ta kwana ba wuta ba wanka, sannan a shafe ta da laka mai sanyi? Ɗaya na binne a kan haka. Ba zan binne ta biyu ba."

"Wadda kika binne Allah Ya jiƙanta. Wannan tana numfashi, a kanta nake magana."

"Tukwanenki kika sani, Yaya. Ni na haife ta."

Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma Inna ta sani. Maƙwabta sun riga sun taru a bakin ƙofa. Inna ta sunkuya ta ɗauki itace ta cusa a ƙarƙashin gadon, wannan ita ce amsarta. Gwaggo ta miƙe. Ta fita tsakar gida, ta ɗauko tulun Inna cike da ruwa, ta dawo ta juye shi kaf a kan wutar. Ɗakin ya turnuƙe da tururi da toka.

Wanda bai san garinmu ba ba zai gane girman abin ba. Baƙuwa daga dangin miji ta shigo gidan mutane ta kashe wutar jego a gaban maƙwabta, wato ta ce da uwa ba ta iya riƙon 'yarta ba ke nan. Inna ta ce, "In yarinyar nan ta mutu, ke kika kashe ta."

"Na ɗauka," in ji Gwaggo. "In ta mutu ki kai ni gaban alƙali, ba zan yi musu ba."

Ta shimfiɗa mayafinta a bakin ƙofa ta zauna a kai. Baba ya yi gyaran murya daga waje ya ce a bar ta. Inna ta ɗauki jaririyar ta fice. Ni ma fa tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Tun ina yarinya nake jin cewa sanyi shi ke kashe mai jego, ga ni a tabarma haƙorana suna kaɗawa. Gwaggo ta cire zanenta na sama ta lulluɓe ni, ta ce, "Yi haƙuri amarya, zuwa safe ne." Amarya take kirana har ta koma ga Allah, ina da 'ya'ya reras.

Da gari ya waye ta saki asabari, ta motsa ƙoƙon. Inna ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa, wai ludayi ta zo ɗauka. A ɗakin babu ludayi. Gwaggo ta fara shafawa tun daga ƙugu, tana magana ita kaɗai kamar yadda takan yi. "Siriri, siriri. In aka labta da kauri zafin bazuwa yake yi a ciki, ya bushe gaba ɗaya, ya yi wa mutum ƙarya. Kuma duka biyun, mai lafiyar ita ce shaida." Ta ajiye gashin, muka zuba ido.

Gwiwar da kowa ke zargi ta zauna a jiƙe abinta. Can sama, ta bayan cinyar hagu kusa da ƙugu, inda ba wanda ya taɓa dubawa, sai wani ɗan wuri ya fara yin fari, bai fi tafin hannun jaririyata ba. Ƙafar dama kuwa ko alama. Gwaggo ta ɗora babban yatsa a wurin ta danna, na ƙwalla ƙarar da ta watsa kajin tsakar gida. Ta ɗauki gawayi ta kewaye.

"Ga ɓarawon," in ji ta. "Gwiwa kuka kawai take taya shi. Yana da zurfi, ya fi ƙarfin askar wanzami. Sai asibiti."

Wannan karon Inna ba ta hana ba. Ta naɗe ni da duk bargon da ke gidan, ta hau motar ta rungume ni har Kano. Likita ya yi nasa binciken, ya latsa nan ya latsa can, sannan ya soka allura a tsakiyar da'irar gawayin, ya jawo mugunya. Aka yi aiki, aka yi ta allurai. Ya ce da an ƙara jinkiri, da an rasa ko ƙafar ko ran. Na dawo gida ina dogara sanda, daga baya na jefar da ita.

Na zaci shi ke nan rigima ta ƙare. Ina! Inna ta ce Allah ne Ya yi, sai likita. "Ko da gaskiyarta, sai ta kashe mini wuta a gaban mutane?" Gwaggo kuma ta ce, "Ko da na yi rashin kunya, sai ta gasa mini amarya kamar ɗanyar tukunya?" Duk da haka ta zauna ta gina tulu, wanda ban taɓa ganin ta yi mai kyansa ba, ta aika Falgore. Inna ba ta mayar ba, ba ta kuma zuba masa ruwa ba. Ta kife shi a bayan ɗakinta. Haka aka yi ta tafiya. In an haɗu a biki ko suna, wannan tana gabas waccan tana yamma, kowacce sai ta ja ni gefe ta ce, "Waccan tana nan lafiya?" Abin yana ba ni dariya, yana kuma cin raina, don su biyun nan su ne iyayena mata.

Bayan yaƙin basasa Malam ya je wani kwas a Zariya, ya dawo da wata mujallar Turawa. A ciki akwai hoton hannun mutum, amma ba irin hoton da muka sani ba, dabbare-dabbare ne na fari da baƙi. Ko hutawa bai yi ba ya ce mu tafi Kwanyawa. Muka tarar da Gwaggo tana kwaɓi.

"Gwaggo, Turawa sun ƙera na'urar da ke yin aikinki."

"Su ma yumɓu suke tacewa, ɗan nan?"

Malam in ya sami ɗalibi ba ya sakinsa, ko da ɗalibin ya haifi ubansa. Ya gyara zama. Ya ce duk abu mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ne wanda mutum ke ji a fuska in ya kusanci murhu tun bai taɓa shi ba. A cikin na'urar akwai ɗan mitsitsin wani sinadari, in wannan hasken ya faɗa masa sai yadda lantarki ke ratsa shi ya canja. In zafin da yawa canjin ya yi yawa, in kaɗan ne ya yi kaɗan. Na'urar tana bin jikin mutum ɗigo-ɗigo, tana mayar da wannan canjin fari da baƙi a hoto.

"Abin siriri ne?" Gwaggo ta tambaya.

"Siriri ƙwarai. Don ya ɗumama da sauri, ya huce da sauri, zafin kuma kada ya bazu a cikinsa. Wani irin ma sai an ajiye shi cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, don kada ɗuminsa na kansa ya rufe wanda ake nema. Shi ma majinyacin sai ya zauna a ɗaki mai sanyi jikinsa ya huce kafin a ɗauka."

Gwaggo ta zare hannu daga kwaɓin. "Maimaita na ƙarshen nan."

Ya maimaita.

"To hau kekenka ka je Falgore ka gaya wa surukarka."

Nan take Malam ya tuna yana da takardun yara da bai duba ba.

Sun daɗe suna musu a kan abu ɗaya. Ita ta ce yumɓun ne ke shan zafin, kuma sai na ramin da take haƙa. Shi ya ce ruwan ne ke tashi ya bi iska, kuma ya fi saurin tashi daga wuri mai ɗumi, don haka kowane gari mai laushi zai yi. Ran da rina ta harbe shi a hannu, maimakon ya nemi magani sai ya daka alli ya dama, ya zo gabanta ya shafa. Wurin harbin ya riga ko'ina bushewa. Gwaggo ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ya nuna. Amma allinka ba shi da natsuwa." Bayan kwana biyu ta aiko a ba ta ɗan guntu, wai za ta yi wa tukwane ado. Shi kuma har yau duk shekara sai ya kai ruwan yumɓu aji in zai koyar da darasin zafi.

Da hannun Gwaggo ya fara rawa don tsufa, ni ta koya wa tacewa da shafawa, da zagi da komai. A ciwon ajalinta ta kira ni, ta riƙe hannuna ta ce, "Amarya, wutar nan da na kashe, ko yau ne zan kashe. Amma gidan mutane ne, kuma a gaban mutane. Uwarki 'ya ta binne, tsoro ne ya sa ta. Ni ban san irin wannan tsoron ba. Aika ki roƙar mini." Kullum in ta ji ƙarar mota sai ta buɗe ido.

To, ran da ta rasu safiyar akwai sanyi, mata suka ɗora babbar tukunya don ruwan wanka ya yi ɗumi. An kawo likkafani. Na fara fid da rai ke nan sai na ji sallama, muryar da ko a cikin kasuwa zan gane. Inna ce, da tulu a ka. Tulun nan ne. Ta tsaya a rijiyar bakin gari ta cika shi, ruwan farko da ya taɓa shiga cikinsa. Mata duk suka juyo suna kallonta, don ba wadda ba ta san labarin ba. A hanya ta ji rasuwar, idanunta sun yi ja. Inna da ba ta wuce ko yaro ba ta gaishe shi ba, ran nan ba ta gai da kowa ba.

"An yi wankan?"

"Ruwa muke jira ya yi zafi," in ji tsohuwar nan maƙwabciya.

Inna ta dubi murhun. Ta taka har gabansa, ta sauke tulun daga kai, ta juye shi kaf a kan wutar. Tururi da toka suka tashi. Ta juya ta fuskanci ɗakin da Gwaggo take kwance.

"Na rama, Yaya," ta ce. "Na rama, kuma na yafe, duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini abin da na faɗa."

Wasu suka fashe da kuka, wasu da dariya, ni duka biyun na yi. Inna ta miƙa tulun ta ce a sake cika shi a rijiya, baiwar Allah ba ta son abin da bai huce ba. Ita ta yi mata wanka. Da maza suka ɗauki makara, nauyin da ke ƙirjina ya riga ya sauka.

Bayan sadakar uku, Inna tana shirin komawa, ta kira ni ɗakin Gwaggo. Da kanta ta saki asabari. Ta zauna a tabarma ta zame mayafi daga kafaɗarta ta dama, wadda ta daɗe tana damunta ba ta bari kowa ya taɓa.

"An ce ta koya miki."

"Ta koya mini, Inna."

Na ɗauko ƙoƙon daga bayan randa na motsa. Na tsoma gashin, ya ɗebo da yawa.

"Kai, Auta, siriri," in ji Inna. "In kika labta da kauri ƙarya zai yi miki." Ta zame ɗaya kafaɗar. "Kuma duka biyun. Mai lafiyar ita ce shaida."

Na shafa. Muka zauna ni da ita, muka zuba ido muna jiran inda zai fara bushewa.

Allah Ya sanyaya makwancin Gwaggo, Ya haɗa mu da ita a inda babu ciwon da za a nema.